Baba-la: Shaidar da Na Kai Kan Duwatsun Himalaya

Godiya ta tabbata ga Allah da ya shimfiɗa ƙasa ya kafe ta da duwatsu, ya kuma sassaɓa harsunan bayinsa domin su nemi sanin juna. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da iyalan gidansa. Bayan haka, almajiraina sun sha tambayata dalilin da ya sa dattijo kamata, wanda kafin wannan labari bai taɓa yin doguwar tafiya ba sai ta aikin hajji, ya hau duwatsun Himalaya har ya shiga gidan ibadar mabiya addinin Buddha. Ga yadda abin ya kasance.

Na je Kuala Lumpur ne domin a duba mini ido, da niyyar in yi wata guda a gidan ɗana, wanda ke karatun digiri na uku a can da tallafin gwamnati. Gidan yana unguwar Wangsa Maju, a saman wani dogon bene da ɗalibanmu na Arewa suka yawaita a cikinsa. Ban gama ɗiga maganin da likita ya ba ni ba sai annobar korona ta sauka, aka rufe iyakokin ƙasa, aka ce kowa ya zauna inda yake. Daga baya an samu jiragen da suka kwashe mutane zuwa gida, amma ɗana ya ce da shekaruna ba zai sa ni cikin cunkoso ba. Ta haka baƙon wata guda ya zama ɗan gida.

Juma'ar farko ta kulle na yi wanka, na sa babbar riga, na shafa turare, na sauko ba tare da na gaya wa kowa ba. An ce an rufe masallatai, amma zuciyata ta ƙi gaskatawa sai ta gani. A bakin ƙofar shiga na tarar da mai gadi, wani gajere kakkaura mai faɗin ƙirji, takunkumi ya rufe rabin fuskarsa. Ya taso daga kujerarsa, ya tsaya a gabana, ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, "Baba-la." Sauran maganar Turanci ce da ta gauraya da Malayanci, ban kama komai a cikinta ba. Amma kalmar farko na ji ta sarai. Duk wanda ya zauna gaban malamin nahawu ya san "la" a Larabci, ita ce a'a, ita ce harafin hani da na korewa. Na ce a raina, ikon Allah, wannan bawan Allah ya ji ɗana yana ce mini Baba, ya kuma samo Larabci daidai na hana ni fita. Na juya na koma sama na yi azahar raka'a huɗu.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, daga ranar bai daina ba. In ya buɗe mini ƙofa in sha iska a harabar gida, "Baba-la." In na gaishe shi da safe, "Baba-la." Na ce wa ɗana, "Wai me na yi wa mai gadin nan ne, kullum sai ya ce mini a'a, ko da ban roƙe shi komai ba?"

Ɗana ya yi dariya har ya aje cokali. "Baba, ba Larabci ba ne. Malayanci ne. Mutanen nan komai suka faɗa sai sun liƙa masa 'lah' a wutsiya. Ba ka jin amaryarka?"

Amaryar tawa ita ce jikata, 'yarsa ta fari, wadda aka haifa a can, Hausa ba ta zauna mata a baki ba. Na ce, "Ke amarya, zo ki ba angonki ruwa."

Ta ce, "Boleh lah, Kaka," wato "to" ke nan da Malayanci, ta wuce abinta ba ta kawo ba.

Na ce, "To, in wannan ce, ai gara ta Larabcin. Ita aƙalla an san inda ta dosa."

Sai na zauna a kan cewa kalmar wasa ce irin ta yara da 'yan kasuwa, wadda ba ta dace a jingina ta ga sunan dattijo ba. Ban tambayi mai gadin ba. A tarbiyyarmu babba ba ya tsayawa bin ba'asin ƙaramin raini, kawaici yake yi. Na kawar da kai.

A shekara ta biyu cutar ta shigo gidanmu, ta kwantar da mu gaba ɗaya, ni na fi kowa jin jiki. Hukuma ta hana mu leƙa ko da bakin ƙofa. A waɗannan kwanaki ne na san ko wane ne mutumin nan. Shi yake karɓo mana abincin da ɗana ya yi oda daga shagon mamak, wato Musulmin Indiya masu sayar da abinci, ya hau da shi har sama ya rataye a ƙofa. Ba aikinsa ba ne. Kowace safiya in zai sauka daga aiki sai ya ƙwanƙwasa, ya kira, "Baba-la?" Ba ya tafiya sai ya ji muryata, ko da tari ne. Wata safiya nauyin jiki ya hana ni amsawa, surukata ta ce ya daɗe a tsaye har sai da ɗana ya rantse masa cewa barci nake.

Da Allah ya ba ni lafiya sai na mai da inuwar da ke kusa da ɗakin gadinsa majalisata ta bayan la'asar, ni a kujerata, shi a tasa, da tazara tsakaninmu kamar yadda aka umarta. Ina jan carbina, sai na ga shi ma ya zaro nasa daga aljihu, na katako mai duhu. Muka dubi juna muka yi dariya. Na san abin da yake ambato ba shi nake ambato ba, shi ma ya sani, kuma babu wanda ya tsokano zancen. Da Turancina na tsufa da nasa na gadi muka riƙa fahimtar juna. Ya ce shi mutumin Nepal ne, daga wata gunduma da ake kira Mustang, can bayan manyan duwatsu kusa da iyakar Tibet. Mahaifinsa ya rasu. Yana da tsohuwa da ƙanwa mai koyarwa a makarantar ƙauyensu.

Wata rana na same shi jikinsa a sanyaye. Na matsa masa, ya faɗa mini. Tsohuwarsa ta daina cin abinci sosai, ta daina barci. Samarin ƙauyen da suka je ƙasashen waje neman aiki, wasunsu sun komo ba su ganin kowa da gashi, ba gaisuwa, ba ladabi, sai shaye-shaye. Ita kuwa ta sa a ranta cewa birni ya cinye mata ɗa kamar yadda ya cinye na maƙwabta. Shi ba ya iya zuwa, domin in ya fita a wannan yanayi aikin ya tafi ke nan.

Na ce, "Ba kuna magana ta waya ba?"

Ya ce, "Muna yi. Ta ce a cikin waya kowa mutumin kirki ne. Ta ce ita sai ta ga wanda ya gan ni da idonsa."

Maganar tsohuwar ta shige ni, domin ita ce ƙa'idar da muka tashi a kanta: gani ya kori ji, kuma ba a karɓar yabon mutum daga bakinsa. Na tuna tsayuwarsa a ƙofarmu. A wurinmu in mutum ya yi maka alherin da ya fi ƙarfin godiya, iyayensa kake zuwa ka gaisar. Kafin in auna nisan wurin bakina ya riga ni. Na ce, "In Allah ya buɗe hanya ina da rai, ni zan je in ba da shaidarka."

Da na gaya wa ɗana sai ya riƙe baki. "Baba, ka san inda ka ce za ka kuwa? Wurin nan ko matasa numfashi yake gagararsu."

Na ce, "Na riga na yi alkawari. Kuma kai ma za ka, domin shaida ba ta cika da mutum ɗaya."

"Baba, ai ba kotu ba ce."

"Kotun uwa ta fi ta alƙali tsanani. Shi alƙali ana ɗaukaka ƙara."

Surukata tana daga kicin ta ce, "Baba ya yi gaskiya. Ka raka shi, mu ma mu huta da takardunka."

An buɗe iyakoki a shekara ta uku ta annobar. Bayan ƙaramar salla muka nemi biza, aka duba shaidar rigakafinmu, aka zura mana tsinke a hanci, muka tashi zuwa Kathmandu. Daga nan sauran tafiyar ta mota ce, irin mai ƙarfin hawa dutse. Ba zan ɓoye ba, hanyar nan ta sa na sabunta tuba fiye da yadda wa'azi ya taɓa sa ni. Dutse a dama ya tokare sama, rami a hagu ba a ganin ƙarshensa, kogi yana ruri a ƙasa, direba kuwa yana tuƙi da hannu ɗaya yana nuna mana tsaunuka da ɗayan. Sannu a hankali kore ya ƙare, muka shiga wata ƙasa busasshiya mai jan dutse da ruwan toka, iska tana kaɗawa ba ƙaƙƙautawa, can sama kuma kawunan duwatsu fari fat da dusar ƙanƙara kamar an naɗa musu rawani. Na karanta siffar duwatsu a littattafai tun ina yaro, amma ashe abin da nake kira dutse a gida tsuguno ne kawai.

Duk inda hanya ta kai ƙololuwa za ta gangara, sai mu ga tarin duwatsu da igiyoyi ɗauke da ƙananan tutoci masu launi-launi, iska tana karkaɗa su. Direba ya ce rubutun addu'o'insu ne a jiki, kuma irin wannan mashigi na kan tsauni sunansa "la" a harshensu.

Na dubi ɗana. "Ka ji ta uku. Ashe mashigin dutse yake kirana."

Ya ce, "Ai ka cancanta, Baba. Kowa ta kanka yake bi."

Na ce, "Za ka maimaita in mun sauka."

Ƙauyen ya ba ni mamaki da kamarsa da tsofaffin unguwanninmu. Gidajen ƙasa ne masu soro, an shafe su da farar ƙasa, lunguna ƙanana, an jera itacen girki a kan rufi. Gonakin sha'ir kore shar a tsakiyar wannan fako, ga bishiyoyin tuffa, ga wasu shanu masu gashi har ƙasa. Ƙanwar mai gadin, malamar makarantar nan, ta tarye mu a bakin gari, mace mai fara'a da Turanci mai kyau, ita ta zama tafintarmu. A ƙofar gida tsohuwar tana tsaye, 'yar ƙarama, fuska duk tamoji, idanu kamar na shaho. Ta rataya mini wani farin ƙyalle a wuya. Na tambaya ko yana da alaƙa da bauta, malamar ta ce karramawa ce ga baƙo. Na karɓa da hannu biyu.

Na so in sauke nauyin da na ɗauko nan take, amma tsohuwar ta ɗaga hannu. Ta ce ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya ci, ya huta, ya ga gari. Na ce wannan hukunci ko a gidanmu haka yake. Ina lura da ita, ta cika mana akushi amma ita ko loma ba ta kai baki ba.

Muna zaune sai na ji malamar tana yi wa tsohuwar magana tana cewa "amala, amala." Ɗana ya sunkuyo ya raɗa mini, "Baba, tuwon Yarabawa ya riga mu zuwa nan." Na danne dariya da gefen rawani. Muka yanke cewa haka ake ce wa uwa a harshensu, muka wuce wurin.

Sai aka kawo shayi. Shayin nan da man shanu da gishiri ake kaɗa shi, ɗanɗanonsa ya fi kusa da romo. Kurɓar farko ta gigita ni, amma an hore mu da cewa ba a kushe abinci, ba a kuma bar saura a ƙwarya. Na yi bisimilla na shanye tas na aje. Kafin in goge baki tsohuwar ta sake cikawa. Na ce wataƙila ta ga ƙishi a fuskata, na daure na shanye. Ta cika. Na dubi ɗana, ya dubi rufin ɗaki. Haka muka yi ta yi, ni ina gudun almubazzaranci, ita tana gudun abin kunya, har gumi ya keto mini a cikin wannan sanyi. Malamar ta shigo daga waje ta ga abin da ke gudana, ta fashe da dariya. Ta ce a wurinsu ƙoƙon baƙo ba ya zama wayam, in ka ƙoshi sai ka bar shi a cike. Na ce a wurinmu kuwa in ka bar shi a cike ka raina mai gida. Da aka fassara wa tsohuwar, gefen bakinta ya motsa kaɗan. Wannan ne murmushinta na farko da na gani.

Abincinsu na yau da kullum garin soyayyen sha'ir ne da ake cuɗawa da shayin a dunƙula, kamar gumba. Shi na riƙe, na bar nama tunda ban san yankansa ba, kuma babu wanda ya ji haushi. Ruwansu kuwa in ka taɓa shi da asuba sai ka ji kamar an sare maka yatsu. Na fara tunanin taimama, sai na tarar tsohuwar ta aje mini butar ruwan ɗumi a bakin ƙofa, domin ɗanta ya gaya musu ta waya cewa ina wanke gaɓɓai kafin kowace salla.

Washegari malamar ta kai mu ganin gari. A hanya akwai wata doguwar katanga ta faffaɗan duwatsu, kowanne an sassaƙa masa rubutu. Ta ce al'adarsu a bi ta gefen da zai sa katangar ta kasance a damanka. Na tsaya na yi nazari. Mu ɗaki ɗaya muke kewayawa a duniya, shi kuma a hagu muke sa shi. Na ga cewa wucewa daban, ɗawafi daban, kuma bin hannun da masu gari ke bi ladabin hanya ne. Na bi ta inda suke bi, na wuce ban kewaya ba. Haka na yi da fararen ƙubbobin da suke ginawa a mashigar gari. Akwai kuma jerin ganguna na tagulla a jikin bango, masu juyawa, kowa ya zo wucewa sai ya tura su da hannu. Na sa hannuwana a baya. Wata tsohuwa da ke bayanmu ta ga na tsallake su, sai ta bi tana juya kowanne sau biyu, tana harara ta da wasa, wai tana biya mini.

Gidan ibadarsu yana kan wani tudu, jan gini mai kauri. Hawan ya ci ƙarfina, ina taku kaɗan ina tsayawa neman numfashi, ɗana yana riƙe da hannuna yana cewa, "Alkawari kaya ne, Baba," ni kuma ba ni da iskar da zan rama. Malamar ta ce tsohuwarsu kullum sai ta hau nan da ciwon gwiwarta ta kunna fitila saboda ɗanta. Na cire takalmi na shiga a matsayin baƙo mai kallo. Ciki da duhu, sai hasken ƙananan fitilu na man shanu. Bango duk zane ne tun daga ƙasa har rufi, shuɗi da ja da ruwan zinariya, an ce ya daɗe ƙwarai. A ƙurya ga wani babban gunki a zaune. Na tsaya a tsaye, na sabunta kalmar shahada a zuciyata, na gode wa Allah da ni'imar da ya yi mini, ban kuma ga dalilin ɓata fuska ga mutanen da suka karɓe ni hannu biyu ba.

Wani tsoho mai jan mayafi, daga cikin malamansu da suke kira lama, ya lura idona ya tsaya a kan wasu ramuka da ke jikin bango cike da ƙunshe-ƙunshe. Ya sauko da ɗaya ya kwance. Littafi ne. Warƙoƙi ne dogaye da ba a ɗinke ba, an jera su tsakanin alluna biyu an naɗe da ƙyalle, rubutun hannu da tawada baƙa, wasu shafukan da zayyana. Haka littattafan mahaifina suke a cikin gafaka, warƙa-warƙa. Na nuna masa da hannu yadda muke juya tamu, ya nuna mini yadda suke juya tasu. Na tambaya ta bakin malamar me suke yi in iska ta watsa warƙoƙin. Ya kama kai da hannu biyu ya yi wani nishi. Na ce a gaya masa wannan musiba na san ta, akuya ma ta taɓa cin mini babi guda. Tsohon ya yi dariya har da hawaye. Ban san abin da ke cikin littafinsa ba, kuma na tabbata da na sani da mun saɓa, amma wahalar mai riƙon littafi iri ɗaya ce ko'ina.

Da yammacin wannan rana tsohuwar ta zauna a gabana ta naɗe hannu, malamar a gefenta. Lokacin shaida ya yi. Na gyara zama, na yi jawabin da na daɗe ina tsarawa. Na faɗi riƙon amanarsa, da cewa ban taɓa jin warin giya a jikinsa ba, da yadda ya ɗauko mana abinci, da tsayuwarsa a ƙofa. Ɗana ya gaskata ni a kan kowace gaɓa. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, fuskarta ba ta sauya ba. Sannan ta yi magana a taƙaice.

Malamar ta ce, "Ta ce ta gode. Ta ce amma wanda ya sha shayin gida ba zai zagi ɗan gida ba. Tana tambaya, in ya gan ka, da wane suna yake kiranka?"

Duk tafiyar nan wannan ne abu guda da na yi niyyar in rufe. Ɗana ya taɓa ni da gwiwa, ma'ana in ce Baba kawai in yi shiru. Amma wanda ya ce zai ba da shaida ba shi da ikon zaɓen abin da zai faɗa in an tambaye shi. Na ce, "Zan faɗi gaskiya, amma ina roƙon a yi masa uzuri. Ɗan adam tara yake bai cika goma ba. Ya ɗauko wata kalma ta mutanen birnin can, ta wasa, yana liƙa mini. Ba da mugun nufi ba ne, zama da su ne. Yana ce mini Baba-la."

Ban rufe baki ba tsohuwar ta ɗago kai. Wannan ba ta jira fassara ba. Ta ce, "Baba-la?" Na gyaɗa kai cikin jimami. Sai ta rufe fuska da tafukanta, kafaɗunta suna rawa. Na ce shi ke nan, na hau duwatsun duniya na zo na kashe yaron mutane. Na juya wajen malamar in nemi ta gyara, na tarar ita dariya ce ta hana ta magana.

Da ta samu kanta ta ce, "Wa ya ce maka ta mutanen birni ce? Tamu ce. Ba ka ji ina cewa Ama-la ba? Ama ita ce uwa. 'La' kuwa girmamawa ce, ba a sa ta sai ga wanda ake ganin darajarsa, iyaye da malamai da manya. Yaran da suka lalace, ita ce abu na farko da suke yarwa."

Na dubi ɗana na ce, "Kai da tuwon Yarabawanka."

Ya ce, "Baba, kai fa ka ce Larabci ne."

Tsohuwar ta sauke hannuwanta, hawaye a kumatu, dariya a baki. Ta sa aka tambaye ni ko kullum yake faɗa, ko sai in yana neman wani abu. Na ce kullum, tun ranar da ya hana ni fita, har ta bayan ƙofa lokacin da ba mai ganinsa. Ta yi wata magana mai tsawo, malamar ta taƙaita mini: yabon da na yi kowa zai iya shirya shi a hanya, amma wannan ban san darajarta ba balle in ƙirƙira, ga shi ma a matsayin aibi na kawo ta. Na jinjina wa basirar tsohuwar nan. Ko a wurin malamanmu, shaidar da ta kuɓuce wa mai ita ba da sonsa ba ta fi ƙarfi.

Ta jawo akushi ta cuɗa garin sha'ir, ta ci, ta ƙara. Da aka gama muka hau kan soro, inda nan ne kaɗai waya ke kamawa, aka kira Kuala Lumpur. Fuskarsa ta fito da hular gadi. Tsohuwar ta karɓe wayar ta yi ta yi masa faɗa da murya mai daɗi, malamar ta ce wai tana tuhumarsa da barin dattijo ya sha wannan hanya. Ni dai na koma ƙasa, na tarar an sake cika mini ƙoƙo. Na bar shi a cike.

Mun komo Wangsa Maju da ƙunshin busasshiyar tuffa da cuku mai tauri kamar tsakuwa, saƙon uwa ga ɗanta. Motar haya ta sauke mu a bakin ƙofa da hantsi. Ya taso daga kujerarsa da sauri, ya ɗora hannu a ƙirji kamar ranar farko, ya ce, "Baba-la."

Na miƙa masa ƙunshin na ce, "Na'am."